Injin Rijiya a Jikin Keke

Ni na yi kuskure. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya wahalar da kansa wajen neman mai laifi, domin ni kaina na daɗe ina nemansa. Na tuhumi batir, na tuhumi laka, na tuhumi zafin rana, har masu ginin gada ban ƙyale ba. Sai can daga baya na tarar ashe mai laifin a cikin rigata yake zaune.

Sana'ata walda ce. Rumfata tana bakin hanyar da ta tashi daga Kura ta nufi Bunkure, kuma abin da nake yi bai wuce ƙofofi da tagogi da gyaran amalanke ba, sai liƙe bututun injin ban ruwa idan ya tsage. Karatuna ya tsaya a firamare da allo. Wannan bai taɓa damuna ba, don a ganina duk abin da aka yi da ƙarfe, in na zuba masa ido na ɗan lokaci, zai faɗa mini sirrinsa.

Da fetur ya yi tashin da ya yi, kowa a yankinmu ya shiga lissafin yadda zai fito da kaya daga gona zuwa titi. A lokacin ne na ga wani bidiyo a waya, wani mutum a wata ƙasa yana jan buhuna a keke mai ƙafa uku da batir kawai, ba hayaƙi ba ƙara. Ban ji yaren da yake yi ba, amma wannan ƙaramin abu ne ga mutum irina. Na kalla, na gyaɗa kai, na ce a raina ai ma na fi shi.

Gangar jikin keken dai na yi ta da kyau, wannan ko maƙiyina zai shaida. Na yanko gaban wani tsohon babur, na haɗa bayan da ƙarfe mai kauri, na auna shimfiɗar daidai zaman kwandunan tumatir. Saura inji. A nan ne ilimina ya fito fili.

Akwai wani manomi da rijiyar burtsatsensa ta rufta, aka samu aka ciro famfon sola da ke ciki, irin dogon nan da ake zurawa ƙarƙashin ƙasa, wanda muke kira sumo. Yashi ya cinye kan da ke tura ruwan, amma injin da ke juya shi lafiya lau yake. Na yi wa mutumin ƙofa, ya ba ni shi. Na ɗaga shi da hannu biyu, na ji nauyi. Mu nan haka muke zaɓen inji: ka ɗaga ka ji nauyi, ka tayar ka ji ƙara, ka duba yadda yake feso ruwa. Na haɗa masa wuta, bakinsa ya juya har ba a ganinsa. Na ce shi ke nan, an gama.

Ina rungume da shi a rumfa, 'yan zaman benci suna ta sa albarka, sai ga taubashina ya faka babur. Ɗan gwaggona ne, ya yi karatun lantarki a Kano, shi ke haɗa wa mutane sola tun daga Kadawa har Madobi, kuma a wajensa na samo batiran keken da akwatin da ke raba musu wuta. Tunda ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, tun muna yara bawana nake kiransa, shi kuma ya ce mini ubangida, kuma ba mu taɓa yin zance ya ƙare ba tare da ɗaya ya kunyata ɗaya ba.

"Ranka ya daɗe, ubangida," in ji shi, "haihuwa aka yi ba a gaya mana ba? Wannan jaririn fa?"

"Zuciyar keke ce, bawa. Matsa, kada ka shafa mata talauci."

Ya sunkuya ya duba, ya ɗago ya kalle ni, ya sake dubawa. "Sumo? Sumo za ka ɗaura wa keke? To ka haƙa masa rijiya ya riƙa tafiya a ciki."

Benci ya kwashe da dariya. Na ji abin har wuya.

Ya ce wannan inji gudu ya iya, bai iya ja ba. Ya ce yana tashi ne a hankali ba nauyi a kansa, sai ya kai ga gudu sannan ruwa ya bi shi, amma keke mai kaya tun daga tsaye yake neman ƙarfi. Ya ce kuma a cikin ruwa yake rayuwa, ruwan da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi, in aka fito da shi sarari aka ɗora masa wahala, dahuwa zai yi. Ya ciro waya ya nuna mini hoton wanda ya dace: wani guntun abu mai kama da tukunyar miya, haɗe da giyarsa, ana ɗaura shi a tsakiyar ƙafafun baya. Ya ce ba ya sauri, amma zai hau tudu da kaya.

Na karɓi wayar na zagaya da ita benci. "Jama'a, ku ga abin da boko ya koya wa bawana. Tukunya! Ni kuwa ga injin da ke ɗago ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, ya hau da shi har saman tanki, tun hantsi har la'asar bai ce wash ba. Shi ne kwandon tumatir zai gagara? Tsakanin ruwa da tumatir wa ya fi nauyi?"

Wani dattijo a bencin ya ce wallahi ruwa ya fi nauyi, shi da ya yi shekaru yana ɗaukarsa ya sani. Nan take na ci muhawara. Ban taɓa jin daɗin hujja irin wannan ba, kuma har yau ban san ta inda ta shafi keke ba.

Abin da ya fi ci mini rai idan na tuna shi ne, taubashin nan ya dawo. Bayan la'asar, benci ba kowa, ya zauna a kan tsohuwar taya. Bai ce ubangida ba.

"Ɗan'uwa," ya ce, "wallahi ba wasa nake ba. In ka nace sai wannan, to ka loda masa yashi ka hau gada da shi kafin ka ɗauki kayan wani."

A duk rayuwarmu wannan ne karo na farko da ya yi mini magana ba zolaya a ciki. Ni kuwa kunnena bai saba ba. Maganar taubashi ai ba a ɗaukarta, mayarwa ake yi. Na ce masa in yana neman aikin kwandasta ya fito fili ya faɗa, zan duba takardunsa. Ya tashi ya karkaɗe wando ya tafi.

Na liƙa wa bakin sumon haƙoran babur, na ja sarƙa zuwa ƙafar baya, na ɗaure akwatin wutar da batiran a ƙarƙashin kujera, dab da injin, don su riƙa hira. Ranar gwaji na fito da shi kan kwalta, ni kaɗai a kai, shimfiɗar baya wayam. Ya ɗan yi jinkiri, sannan ya zabura. Hulata ta tashi, ban ma tsaya nemanta ba. Na wuce masu kekuna, na wuce wani mai babur da ya saki baki, na juyo na dawo rumfa ana tafi. Daga ranar aka sa mini suna Injiniya. Na nuna kamar ba na so.

Yanzu sai maganar Yaya. Ita ce babbarmu, ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har na yi furfura a gemu Auta take kirana. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da gona ɗaya a can ciki, bayan babban kanal na ban ruwa. Tun ana zaman makoki mutane suka fara zagayen gonar, wannan ya ce a ba shi haya, wancan ya ce mace ba za ta iya da rabon ruwa ba. Ta ce ko taki ɗaya ba za ta saki ba. Kuma ta riƙe. Dabararta ita ce ta riga kowa dasa tumatir, don ɗiban farko ya fito kasuwa ba ta cika ba. Da abin da ɗiban farkon ya kawo take sayen iri da takin shinkafar damina. In ya kuɓuce, ba ta da abin noma gonar gaba ɗaya. Na san wannan sarai, ba wanda zai ce ban sani ba.

Ta riga ta yi magana da mai amalanken shanu zai fito mata da kwandunan zuwa titi, inda dillalai ke tsayawa da manyan motocin da ke tafiya kudu. Su ba sa jiran kowa, da mota ta cika sai ta tashi. Na je gidanta a kan kekena, na yi ta danna ƙararrawa a ƙofa.

"Yaya, shanu? A wannan zamanin? Kina da injiniya a gida kina bin wutsiyar sa?"

Ta fito ta zagaya keken, ta taɓa shimfiɗar, ta leƙa ƙasa. "Auta, wannan dogon abin ba na rijiya ba ne?"

"An yi masa ƙarin girma."

"To. Ka gwada shi da kaya?"

"Na gwada."

Haka na ce. Bakina bai ko yi rawa ba. A raina na yi wa kaina fatawa cewa ai ni ma kaya ne, tunda ina da nauyi. Ta ce to Allah Ya sa albarka, ta aika aka sallami mai amalanke, shi kuma nan da nan wani ya kama shi, don a kwanakin ɗiba ko jakin aro ba ya zama.

Ranar ɗiba na isa gona da sassafe, sanye da sabuwar hula. Mata masu tsinka sun cika kwanduna, jajir, ko tabo babu. Aka jera su a shimfiɗa, suka zauna daram kamar yadda na auna. Na hau, na gyara zama, na ɗaga wa jama'a hannu, na murɗa.

Injin ya ce uuum. Keken bai motsa ba.

Na ce a ɗan taɓa shi, sanyin safiya ne. Matan suka ajiye kwanoninsu suka tura. Ya gangara, ya kama tafiya a kan gaɓar kanal, yana fizga yana saki, ni kuwa ina zaune ƙiƙam kamar haka aka tsara. Yaya tana biye a ƙasa da mayafinta a kafaɗa, kuma ba ta ko sauri. Ba mu yi nisa ba na fara jin wani wari kamar an jefa leda a murhu. Na waiwaya na ce wa Yaya wani ne ke ƙona shara.

Hanyar fita daga wannan ɓangaren ɗaya ce: wata 'yar gada a kan kanal, mai hawa a tsaye, wadda shanu ma sai an yi musu tsawa suke hawanta. Ita ce gadar da aka ce in gwada da yashi. Na tunkare ta da bismilla. Ƙafar gaba ta hau, na baya suka biyo rabi, sai komai ya tsaya. Injin yana kuka, sarƙa tana karkarwa. Na damƙe birki, na miƙa hannu ƙasa na taɓa sumon, na janye da sauri don sai da fatar yatsana ta tashi.

A nan ne maganar taubashina ta faɗo mini. Ba duka ba, rabin da ya yi mini daɗi. Ya ce a cikin ruwa yake rayuwa, ko ba haka ba? To ga ruwa, kanal guda, a gefena. Mu da muka tashi muna kwara wa injin ban ruwa ruwa a ka idan ya yi zafi, wa zai koya mana wannan? Na ce wa wata daga cikin matan da suka biyo mu ta sa dutse a bayan taya ta dafe keken, na sauka, na karɓi bokitinta, na kamfato na sheƙa.

Tururi ya tashi, injin ya yi tsit kamar ya ji daɗi. Na dubi jama'a don su shaida hikima. Na sake kamfatowa, wannan karon cike, na watsa da ƙarfi don ya ratsa ko'ina. Ya kuwa ratsa. Ya shiga akwatin wuta, ya kwanta a kan batira, waɗanda ba wanda ya taɓa cewa su ma a rijiya aka haife su. Sai ji muka yi tas! Wuta ta yi tsalle, hayaƙi baƙi ya turnuƙe. Matar da ke dafe da keken ta yi salati ta yi baya, ƙafarta ta ture dutsen.

Keken da ya ƙi tafiya gaba da wuta, sai ga shi yana tafiya baya ba wuta, kuma da saurin da na yi wa Yaya alkawari. Ƙafa ɗaya ta zame daga gaɓa, shimfiɗar ta karkace, kwanduna suka bi juna. Wasu suka fashe a laka, wasu suka faɗa kanal. Na tsaya da bokiti a hannu ina kallon tumatir ɗin Yaya yana tafiya a kan ruwa, a natse, layi guda, ya nufi wajen Bunkure. Shi dai ya samu abin hawa.

Abin da ya rage muka tsince, muka ɗauka a ka. Kafin mu kai titi rana ta take, motoci sun tashi, wanda ya tsira daga laka kuma ya yi laushi. Dillali ɗaya da ya rage ya ɗaga kwando ya leƙa ya mayar, bai ma yi tayi ba. Aka koma da shi gida aka yanka aka shanya.

Duk wannan abin Yaya ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta dube ni, laka har gwiwa, sabuwar hula a hannu, ta ce, "Sannu, Injiniya." Ba ta taɓa kirana da wannan sunan ba sai ranar.

Mutumin kirki da a nan ya durƙusa. Ni kuwa bincike na shiga. A rumfa na bayyana wa benci cewa batiran ne ba su da ƙarfi. Da na ga wannan zai kai kunnen mai su, sai na koma kan masu tsinka, na ce sun cika kwandunan fiye da ƙa'ida. Na kuma gano cewa gadar an gina ta ba bisa ilimi ba. Dattijon nan mai ruwa ya fi nauyi ya goyi bayana a kowane mataki, Allah Ya saka masa.

Taubashina ya zo ya kwance akwatin da ya ƙone, ya juya shi, ruwa ya zubo. Na shirya jin zolayar da za ta bi ni har kabari. Shi kuwa ya ɗaure akwatin a bayan babur. Sai da ya tayar sannan ya ce, "Yaya ta ba da rabin gonar haya. Ka ji?"

Ban ji ba. Ba wanda ya gaya mini, don ba wanda ya ga amfanin gaya mini. Maƙwabcinta na gona, wanda ya fi kowa naci tun ranar makoki, shi ya karɓa na damina guda. Abin da ta hana mutane shekara da shekaru, ni na miƙa musu da bokiti biyu na ruwa.

Ko a nan ban je wajenta ba. Na bi hanyar da magidanta irina suka fi ƙwarewa a kai, wato ba da haƙuri ba tare da an buɗe baki ba. Na aiki mai ɗakina da shinkafa. Yaya ta karɓa ta yi godiya, ta cika kwanon da busasshen tumatir a matsayin tukuici. Na ranar ne, na gane shi. Mai ɗakina kuwa, da yake tana da tausayi, ta riƙa yi mana miya da shi kullum, tana ajiye kwano tana cewa, "Ci, Malam, na gida ne." Na je na gyara wa Yaya ƙofar da ba ta ce ta lalace ba. Ta leƙo ta ce, "Sannu da aiki, Injiniya," ta aiko mini da ruwa a kofin baƙi.

Da abin ya ishe ni, na je shagon taubashina na tsaya a bakin ƙofa ina kame-kame. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ubangida, tukunyar kake so?" Muka shiga Kano tare. Ya zaɓo ta, guntuwa, mummuna, ya sa ni na ɗauko ta a ka har tasha, yana gaba yana gaya wa duk wanda muka gamu da shi cewa yau bawa ya sayi ubangidansa. Na haɗiye. Muka ɗaura ta, muka sa sabon akwatin wuta a sama inda ruwa ba ya kaiwa, muka loda buhunan yashi. Tafiyarta kamar ta tsohuwa mai ciwon gwiwa, yara a ƙasa suna wuce ni. Ta iso gadar nan, ta hau, ta sauka, ko ɗumi ba ta yi ba. Na ji haushinta ƙwarai.

Na wuce kai tsaye gidan Yaya, da yashin da komai, don a ganina wannan ya isa ban haƙuri, har da canji. Tana tsakar gida a kan tabarma tana tsince irin shinkafa, na rabin gona. Ta leƙa ta ƙofa ta ga keken, ta ce, "Na gani. Ya yi kyau." Ta koma kan faifanta.

Na tsaya ina jiran sauran, babu saura. Ina tsayen ne na lura tun ranar ɗiba ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mini maganar inji ba, ko ta gada, ko ta tumatir. Akwai wata tambaya da ta yi mini tun farko, a ƙofar nan da nake tsaye, kuma ita ce ban taɓa komawa kanta ba a duk bincikena.

Na cire takalmi, na cire hula, na durƙusa a gefen tabarmar kamar yadda nake yi ina yaro idan na fasa mata tulu.

"Yaya," na ce, "kin tambaye ni ko na gwada shi da kaya, na ce na gwada. Ban gwada ba. Ƙarya na yi miki, kuma an gaya mini gaskiya tun kafin nan na ƙi ji. Ba batir ba ne, ba gada ba ce, ni ne. Ni na sa kika saki rabin gonarki. Duk kayan da za ki fitar daga wadda ta rage ni zan ɗauka, har ranar da ɗayan rabin zai dawo hannunki, amma ba don shi na zo ba. Autanki ne ya zo. Don Allah, Yaya, ki yafe mini."